Bakwai Mai Ɗamara

Wayewar Filinge ta fara ne ranar da Magagi ya buɗe shagon buga takardu kusa da tasha. Shi da kansa ya tabbatar da haka. Haruffansa duk masu lanƙwasa ne, kowanne da jela kamar ta zakara.

Nan Samiratu ta same shi, ta kawo sanarwar rigakafin shanu a buga. Ta dubi allon shagon, ta karkata kai.

"Malam, sunanka ne wannan, ko macizai ke faɗa?"

"Fasaha ce, ƙanwata."

Kafin wata ya mutu yana kiranta Tauraruwa, ita tana ce masa Mai Jela.

Sai dai a sanarwar nan bakwai ɗinsa ya fito sak ɗaya. Makiyaya suka koro shanu ran ɗaya ga wata, suka yini a rana babu likita. Cikinsu har da Mushe Kailu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ya tako tun daga ƙauye. Shi ne kuwa mahaifin Samiratu.

Da manyan Magagi suka je neman auren Samiratu, Mushe ya ce, "Wanda bai iya raba ɗaya da bakwai ba zan ba ɗiyata? Ga wani manemi nan, Hafizu, na son ta, rubutunai tsaye kamar turke."

Da aka matsa, ya kafa sharaɗi: Magagi ya buga katin ɗaurin aure a manna jikin iccen bedi, shi kuma Mushe ya ja baya taki goma, babu tabarau. In ya karanta, ya bayar. Gwaji uku kawai.

Na farko, Mushe ya ce gizo-gizo yake gani. Na biyu ya ce gizo-gizon ya rame.

Saƙo ya shigo wayar Magagi: "Mai Jela, ni kake so ko jelar? Yanke ta. Ka ɗaura wa bakwai ɗamara, ka ba ɗaya gindin zama, ka bar haruffa su sha iska. Ina jiranka."

"Tauraruwa, ko gashin bakina kika ce, an gama."

Kwana uku yana datsa, yana gwadawa kan tsofaffin tasha.

Ran gwaji na uku, Mushe ya ƙirga takinsa goma, ya kanne ido. "Asabar, sha bakwai ga wata." Ya sake dubawa. "To. Yanzu an yi rubutu. Allah shi yi albarka."

Aka ɗaura, kuma ba wanda ya zo wata rana daban. Allah ya ba su zaman lafiya.

Washegari da hantsi aka ga ango kan tsani da gwangwanin farin fenti, yana shafe wayewar Filinge daga allon shagonsa sannu a hankali.