Giɓin Ganuwa

A wani zamani, wani baƙo ya shiga wani tsohon birni kallo. Ya ga marina, ya ga maƙera, ya ga ganuwa. Sai ya ɓamɓaro tubali daga ganuwar don tsaraba, ya ce, "Ai ɗaya ne kawai."

A bakin ƙofa, tsoho mai gadi ya dubi jakarsa, ya ce, "Biyo ni, malam."

Tsoho na tafe, baƙo na biye, har suka isa wani wawakeken giɓi a jikin ganuwar. Ga sawun kura, ga jinin akuya.

"Baba, mayaƙa ne suka rusa nan?"

"Baƙi ne," in ji tsoho. "Kowa ɗaya kawai ya ɗauka."

Baƙo ya kwance jakarsa, ya ce, "Ina kuke kwaɓa ƙasa?"