Tayar da Ta Yi Zazzaɓi

"Nono kike sayarwa, ko aikina kika zo kallo?" in ji Sha'ibu, sabon makanike a Dogon Dutsi.

Kaltume ta sauke ƙwaryarta. "Me ya sa kake shafa tayoyin motar ɗaya bayan ɗaya?"

"Zazzaɓi nake nema. In birki ya cije bai saki ba, tayarsa kaɗai ke zafi."

"Ashe kamar maraƙi."

Ya yi dariya, ya saye nonon duka. Shekara uku ke nan da samun mulkin kai, motoci sun fara yawa, amma duk ranar kasuwa Sha'ibu hanyar Lugu yake kallo, inda Kaltume ke ɓullowa.

Bayan girbi ya aiko mata takarda, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta mata:

"Farin watana, ran Juma'a iyayena za su zo rugarku wajen Baffa Giɗaɗo. Ni al'ada ta hana in biyo su, amma zuciyata tana cikin motar."

Giɗaɗo dama bai so ba. Makiyayi yake wa ɗiyarsa fata. Ran Juma'a kuwa motar baƙin ta taho tana jan gefe, tana ƙauri, ta zo gindin tsamiyar bakin ruga ta tsaya cik.

"Doguwa, aljanar tsamiyar nan, ta riƙe su," in ji Gwaggo Ajuma, yayar Giɗaɗo. "Ba ta yarda da auren ba. Su koma."

Kaltume na ɓoye a bukka, kamar yadda kunya ta ce. Da ta ji haka, sai ta ɗauki buta ta fito, kanta a sunkuye, ta bi tayoyin da bayan hannu. Uku da ɗumi-ɗumi. Ta zuba wa ta gaban dama ruwa, ya yi cuu, tururi ya tashi.

"Baffa, wannan ce ba ta da lafiya. Birkinta ya cije."

Maikano direba ya ɗaga motar, taya ta ƙi juyawa. Ya kwance ta, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ya yi tsatsa ya cije faifan birkin, ya mayar. Da yatsa ɗaya ta juya.

Kaltume ta saki numfashi, hawaye na zubo mata.

Gwaggo Ajuma ta yi ajiyar zuciya. "Tsatsa ce ashe. Har na huta."

"Wa ya koya miki, ɗiyata?" in ji Giɗaɗo.

Ta rufe fuska da zane.

Ya yi murmushi, ya dubi baƙin. "Wanda ke lallaɓa ƙarfe kamar maraƙi zai iya riƙon mutum. Na ba Sha'ibu Kaltume. A ɗaura bayan Sallah, Allah ya sa albarka."