Tsakiyar Rula da Tsakiyar Ido

Ranar da ta fara aiki, teburin da aka ba ta yana fuskantar na wani saurayi. Ɗaki ne mai tebur shida da taga ɗaya, aikin mutanen ciki kuwa gina manhajar da mai shago zai haɗa shafinsa na intanet da ita ko da bai san komai a kwamfuta ba. Ita an ɗauke ta don zane. Saurayin kuwa shi ne ya rubuta dokokin da ke jera komai da kansu: ka saka hoto, manhaja ta ja shi kan layi, ta daidaita tazara, ta gyara shafin ya dace da kowace waya.

Ta ja wani hoto gefe kaɗan. Ya yi tsalle ya koma. Ta sake ja, ya sake komawa.

"Wai wa ya ɗaure hoton nan da igiya?"

Ya leƙo ta saman allonsa. "Ni ne. Inda ya koma nan ne daidai."

"Daidai a wurin wa?"

Idonsa ya sauka a nata, ya kasa ɗaukewa. Daga ranar ta raɗa masa Malam Daidai, shi kuma ya rama da Gimbiyar Karkace.

Gardamar ba ta ƙare ba, sai ta koma waya.

"Gimbiya, in na sakar wa mutane mara, shafukansu za su zama kamar ɗakin gwauro. Amma ke kam, ko a karkace kika tsaya, kin yi."

"Malam Daidai, ashe ka iya magana ba rula? Ka ci abinci dai."

Don ya faranta mata, ya buɗe mata wata ƙofa a manhajar, wadda ke kashe dokokin gaba ɗaya. Da ita ta gina wa Abbanta shafin maɗaba'arsa. Abba ya shekara talatin da biyar yana buga takardu, kuma bai taɓa barin wani ya jera masa rubutu ba. Asabar uku suka yi a shagon, yana tsaye a kanta yana cewa, "Ɗaga sunan sama. Kaɗan. Ya isa."

Da ta kai wa Abba maganar aurenta da Malam Daidai, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shi hankalinsa yana kan ɗan abokinsa mai sayar musu da takarda, yaro mai ladabi wanda ya san nauyin kowace takarda da taɓawa.

Ana cikin haka kamfani ya sabunta manhajar, ƙofar nan ta rufe. Da safe Abba ya buɗe shafinsa ya tarar an jere komai tsaf kamar sojoji, sunan shagon ya sauko tsakiya.

"Wannan aikin yaron naki ne?"

"Abba, manhajar ce..."

"Wa ya rubuta ta? Mutumin da zai shiga shagon wani ya sake masa jeri ba sallama, gobe ke zai jera. Ban yarda ba."

Kwana biyu kacal kafin nan ita da Malam Daidai suka yi musu a kan ƙofar, ya ce ba za ta dawwama a buɗe ba. Don haka ta ɗauka da gangan ya yi. Ta tura masa saƙo:

"Ka ci gardama. Barka. Ka kuma ci ta har da aurenmu."

"Wallahi ban tuna shafin Baba yana bayan ƙofar ba. Laifina ne. Kada ki ba shi haƙuri a madadina, ni zan zo."

Ya zo washegari, ya durƙusa ya gaishe shi. Abba bai ce masa zauna ba. Ya miƙa masa farar takarda, da ɗan guntun kati mai sunan shago, da rula.

"Sa min shi a tsakiya."

Ya auna sama, ya auna ƙasa, ya ajiye. Ita tana bakin injin yanka takarda tana kallo.

"Ja da baya ka duba," in ji Abba.

Ya ja da baya. Ya daɗe yana kallo. "Baba, kamar ya zame ƙasa."

"Rularka ta yi ƙarya?"

"A'a."

Abba ya sa ɗan yatsa ya tura katin sama kaɗan. Nan take takardar ta zauna. "Tsakiyar rula daban, tsakiyar ido daban. Mai karatu da ido yake zuwa, ba da rula ba."

Malam Daidai ya ce a ba shi izini ya riƙa zuwa. Kwana huɗu yana zaune a kan benci, yana kallon hannun tsohon yana rubutawa a littafi. A rana ta biyar ya ciro wayarsa a hankali.

"Baba, in ba za ka ji haushi ba. Ga tsohon shafin, yadda yake fitowa a waya."

Abba ya gyara tabarau. Rabin sunan shagon ya fice daga allo, lambar waya babu ita sam.

"Ashe haka mutane ke gani?" Ya juyo wajen 'yarsa. "Ke kuma mai zane, ina idonki yake?"

Ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

Sati shida suka yi, shi da ita, suna aiki ɗaya. Abin da suka fitar mai sauƙi ne: duk abin da hannun mutum ya ajiye, sai manhaja ta kafe shi, doka ta bar shi a nan ta jera sauran a kewayensa. In kuma zai fice daga allon waya, manhaja ba za ta taɓa shi ba, za ta nuna wa mai shi ta tambaye shi.

Abba da kansa ya gwada. Ya ɗaga sunan sama. Ya saki. Sunan ya tsaya. Ya duba a waya, ga lamba, ga komai. Ita kuwa tana tsaye tsakaninsu, ta rasa wa za ta fi yin alfahari da shi.

"To," in ji Abba, bai ɗago ba. "Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za ta bar gida, Abba ya riƙe hannunta, ya dubi surukinsa da ke durƙushe.

"Na ba ka ita don na ga kana jin gyara, kuma ka iya gyara babba ba ka kunyata shi ba. Ku je. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuriya mai albarka."

Ɗakin ya amsa da amin. Tata ce ta fi jinkirin fitowa, don sai da ta share hawaye.