Kafaɗar Sanusi a Ƙarƙashin Makara

Dabino kawai Sanusi ya fito saya, magariba ta riske shi a Haramin Madina. Direba ne a unguwar Jurf, amma a gida tsohon soja ne, har ya taɓa tsayuwar gadi a kabarin sojan da ba a san ko waye ba a Abuja, ranar da manya ke ajiye furanni. Ƙanensa Nu'uman ma soja ne. Ya ɓace a bakin Tafkin Chadi, ba gawa ba labari. Sanusi kuwa, taurin kai kamar me, ya hana a yi masa sallar ga'ib, wadda ake yi wa mamacin da ba gawarsa a wurin. Matar Nu'uman, Radiyya, tana can gida zaune, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba.

Da aka idar, aka sallaci mamatan ranar. Aka ɗauko makara zuwa maƙabartar Baƙi'a, jama'a na karɓa-karɓa kamar kullum, ba mai tambayar sunan mamaci. Sanusi ya sa kafaɗa.

Makarar ta yi nauyi. Ruwa mai sanyi ya fara ɗiga a wuyansa. Ya ji ƙarnin taɓo da warin man bindiga, a garin da ya yi wata da watanni bai ga ruwan sama ba.

A bayansa takalmi na tafiya, caɓal, caɓal. Kowa silifa ya sa, wannan kuwa but ɗin soja ne, jiƙaƙƙe.

Ya so ya saki. Kafaɗar ta ƙi.

"Yaya," aka raɗa a kunnensa.

Muryar Nu'uman ce. Bai waiga ba.

"Kullum kana sallatar baƙi. Ni fa?"

"Kana raye," in ji Sanusi.

"Muna da yawa a ruwan nan. An ce ana ajiye mana furanni. Yaya, me za mu yi da fure?"

Ƙofar Baƙi'a ta matso. Ƙafafunsa na bin makarar, ba da sonsa ba. Wani dattijo ya bangaje shi, "Yalla ya hajji, ba wasu wuri." Sanusi ya zube ƙasa, jallabiyarsa sharkaf da taɓo.

Washegari ya tara 'yan gida a unguwar Sultana, suka yi wa Nu'uman kabbara huɗu ba gawa a gabansu. Sannan ya kira Radiyya a waya. Ya daɗe yana kuka kafin ya iya magana.

"Ki fara takaba," ya ce.

Ba ta tambaye shi wa ya kawo labarin ba. Cewa ta yi, "Ni ma ya zo mini jiya."