Jini a Ƙarƙashin Shimfiɗar Jif

Ƙarfe biyu da rabi na rana mai wayarin, wato mai haɗa wutar mota, ya dawo daga cin abinci yana sakace, ya tura ƙofar garejin, ya tarar da maigidansa kwance rub da ciki a gindin teburin bugun ƙarfe. Ƙeyar ta fashe wuri biyu, ƙashin ya lotsa ciki, ƙudaje sun riga kowa zuwa. A gefen gawar ga guduma, gashi da jini sun manne a bakinta.

Kafin Sufeto ta iso, maƙwabta sun gama shari'a. Gudumar ta ƙanen mamacin ce, mai bugun ƙarfen garejin, teburin ma nasa ne, kuma duk layin ya ji 'yan'uwan biyu suna zage-zage jiya. Da ƙanen ya dawo da tukunyar gas a kafaɗa, ba wanda ya tambaye shi komai. Aka rufe shi da duka, wasu da katako, wani da sarƙar babur, har haƙoransa biyu suka zube a ƙasa. Da ƙyar Sajan ya ƙwace shi ya sa masa ankwa, shi ma a ransa ya gama yanke hukunci.

A bakin ƙofa uwarsu na zaune a ƙasa, kusa da ita autarta, hannu ɗaya a ɗaure da filasta. Tsohuwar ta kama ƙafar Sufeto.

"'Yar nan, maza biyu Allah ya ba ni. Ga ɗaya can kwance. Kada ki bari a rataye mini na biyun."

Abin ya taɓa Sufeto, amma ba ta yi alkawari ba. Mace ce da ba ta yarda da laifin da ya zo mata a naɗe kamar tsaraba. Ta tsuguna kan gawar. Kai ya fashe haka, amma jinin da ke ƙasa bai cika kofi ba. Dugadugan takalman mamacin sun kwashi baƙin mai, kuma wani ya share tsakar garejin da tsintsiya, sharar gaggawa, daga teburin zuwa bayan wata tsohuwar jif da ke tsaye ba kujeru.

Mai wayarin ya yi mata bayanin motar. Ta haura shekara hamsin, irin ta shiga jeji ce, in tana tafiya ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kwaramniya. Mai ita ya kawo a kashe mata ƙara. Mako biyu marigayin ya yi yana manna mata shimfiɗa a ƙofofi da rufi da ƙasa, wata baƙar roba mai danƙo kamar kwalta, samanta alminiyam. Da danƙonta take zuwa, ɓare takardar baya kawai ake yi. Sai an goge ƙarfen tas, a yanka da wuƙa, a manna, a murje da rola har ta kwanta. Marigayin ba ya barin kowa ya taɓa wannan aiki, ko rolar ka ɗauka sai ka sha zagi.

Ta fara da ƙanen. Yana magana jini na bin haɓarsa. Ya ce tun ƙarfe ɗaya ya fita cika gas, mai gas ɗin shaida ne, amma ya yi tafiyar rabin awa shi kaɗai, ba mai shaidarsa a nan. Da ta tambayi dalilin faɗan jiya, ya dubi wajen uwarsa ya sunkuyar da kai.

"Maganar gida ce, ranki ya daɗe."

"Maganar gidan ce za ta kai ka igiya."

Ya tofar da jini gefe, ya kawar da kai.

Bayan mai wayarin da ƙanen, na ukun shi ne mai ɗinkin kujerun mota, mijin autar, surukin gidan. Mutum ne tsaf-tsaf, tef a wuya, almakashi a aljihun gaba, ga ladabi har ya yi yawa. Ya ce yana shagonsa na baya yana ɗinkin rigar kujera, keke na ta ƙara, bai ji komai ba. Tun safe bai leƙa motar ba, don sai an gama shimfiɗa ake kiransa ya ɗora kujeru. Hannun matarsa kuwa, a banɗaki ta zame.

Sufeto ta sa aka buɗe bayan jif ɗin. Wani wari ya bugi hancinta, mai kaifi, irin na shagon masu gyaran takalmi. Mai wayarin ya leƙa ta kafaɗarta, nan take ya manta da gawa ya shiga masifar sana'a. Wayar fitilun baya da ya bari a buɗe da safe, ko haɗa ta bai yi ba, an binne ta ƙarƙashin shimfiɗa. Ya rantse maigida bai taɓa rufe masa waya ba a shekara tara.

Ta tambaye shi yadda marigayin ke gane aiki ya yi. Ya ƙwanƙwasa ƙofa da bayan yatsa, ta amsa dum, a toshe. Ya ƙwanƙwasa rufi, haka. Ya ƙwanƙwasa falle na ƙarshe a ƙasan baya, sai ya ji taf-taf kamar an taka jiƙaƙƙen kwali.

Sufeto ta sa safar hannu ta ja gefen fallen. Fallen bai yi gardama ba, ya ɗago. A ƙarƙashinsa jini ne kwance a kwaruruwan ƙarfen, ya fara daskarewa, an goge sama-sama da tsumma an shafe da gam mai ruwan ɗorawa. Sajan ya juya baya yana tari.

Ta ce wa Sajan ya shiga motar ya rufe ƙofofi ya kurma ihu iya ƙarfinsa. Ya shiga, suna ganin bakinsa a wangame ta gilashi, abin da ya fito bai fi kukan mage a ɗaki na uku ba. Marigayin ya iya aikinsa, kuma aikin ne ya hana a ji kururuwarsa.

Ta tara su ukun a bayan motar, ta ɗaga fallen kowa ya gani.

"A nan aka kashe shi, yana durƙushe yana murza. Wanda ya yi ya ja gawar zuwa teburin can don laifi ya hau wani. Mai bugun ƙarfe ba zai ɓoye jini a mota ya kai gawa gindin teburinsa ba, ba mahaukaci ba ne. Mai wayarin ba zai binne wayarsa ba, ko da kisa ya yi."

Ta juya ga surukin, muryarta ba ta tashi ba.

"Wannan shimfiɗa da danƙonta take zuwa. Wa zai ga abu yana ƙin kamawa ya ruga ya ɗauko gam, in ba wanda kullum da gam yake manna soso ba? Sauran fallayen duk da wuƙa aka yanka su, wannan da almakashi. Sannan dubi bakinsa. Duk motar nan ba falle ɗaya da aka lanƙwasa wa baki. Wannan an naɗe shi ciki faɗin yatsa, ko'ina daidai, har kusurwa an tsaga an kwantar. Jini na ƙafarka, gawa na jiranka, amma hannunka ya kasa barin gefe ba kalmasa."

Ladabin ya gudu daga fuskarsa. Ya zaro almakashin ya kai mata suka a wuya. Ta kare da hannu, tsinin ya shige damtsenta ya tsaya a ƙashi. Ƙanen, da ankwarsa da komai, ya yi tsalle ya sa masa kai a ƙirji, suka zube kan tulin tayoyi. Sajan ya take wuyan hannun surukin har aka ji ƙas, almakashin ya faɗi. Da aka buɗe almakashin, baƙin danƙo na nan manne a kaifinsa.

Autar ce ta faɗi sauran. Ba banɗaki ba ne, mijin ne ya murɗe mata hannu har ya karye. Jiya ƙaramin yayanta ya ɗauki guduma zai je ya rama mata, babban ya tare shi, faɗan da layin ya ji ke nan. Yau da safe babban ya gaya wa mijin cewa ta bar gidansa ke nan, da ita da 'ya'yanta, in ya isa ya zo ya ɗauka.

Sufeto na ɗaure damtsenta da ƙyalle ta ce a cire wa ƙanen ankwa. Maƙwabtan da suka fi kowa zafin hannu ɗazu suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya cewa ko sannu.

Tsohuwar ta rarrafo ta goge wa ɗanta baki da gefen zaninta, ta daɗe tana shafa kansa kamar yaron goye. Sannan ta juya ga autar. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi kukan ciwo.

"Sau uku kika zo mini da tabo, sau uku na ce ki yi haƙuri ki koma," in ji ta. "Babban yayanki ne kaɗai ya ce a'a."