Awarwaron Habboba

Ranar da Nuha ta fara ganin Muhajir, Allah ya sani, da akwai guduma a kusa da ta kwaɗa masa.

A wani ɗakin karatu ne a Khartoum, inda matasan injiniyoyi suke haɗuwa duk Asabar suna shirin jarrabawar lasisi ta fannin ƙarafa. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zufa sai ɗiga take yi a kan takarda. Nuha tana gaban allo tana zana jadawalin da ke nuna yadda ƙarfe yake sauya hali in ya sha wuta, sai ta ji murya daga can baya.

"Ma'alesh, yi haƙuri ya bashmuhandisa, babbar injiniya, layin nan ɗari bakwai da ashirin da bakwai ne. Kin rubuta da biyu."

Ta juyo. Wani dogo ne siriri, bakin hannun rigarsa duk ƙunar tartsatsi. Daga baya ta ji cewa a Umbadda yake aiki, wurin da ake narkar da ƙarfe ana zuba kayan famfo.

"Na gode," ta ce, irin godiyar nan da ta fi zagi zafi.

"Ba komai. Kibiyarki ma ta juya baya."

Kai jama'a! Mutum ashirin a ɗakin, kowa ya gani ya yi shiru, sai shi. Ranar har ta hau mota ta koma unguwarsu Hilla Kuku tana tsaki.

To amma zuciya ba ta da kunya. Bayan wata biyu sai ga su a benci ɗaya wurin mai shayi, suna musu a kan tsatsa. Shi dai Muhajir ba ya iya ganin ƙarfe ya ƙyale. Cokalin shayi sai ya juya shi ya faɗi irin ƙarfensa. In suna tsallaka gada zuwa Omdurman, mutane na kallon ruwan Nilu, shi yana leƙen ƙusoshi. Ko saƙon soyayya ba ya tsira.

"Habibti, na yi kewarki. Kin karanta babi na tara kuwa? Jiya kin rikita tagulla da jan ƙarfe."

Ta mayar masa: "Sarkin Gardama, layin farko ya ishe ni. Sauran ka riƙe abinka."

"To na riƙe. Amma kin rikita su."

Ta kife wayar a kan katifa, ta yi tsaki, sannan ta ɗauka ta sake karanta layin farko sau uku.

Mahaifinta Malam Idirisu, mai sayar da albasa a kasuwa, bai ja da nisa ba. Ya ce su fara gama jarrabawa, sannan a yi maganar aure. Mahaifiyarta Dela kuwa, wadda suke kira Yumma, ranta ya fi kwantawa da Salih, wani ɗan uwansu mai shagon zinare a kasuwar Omdurman. Yaro ne mai laushin baki, in ya gaishe ka sai ka ji kamar an shafa maka mai. Duk da haka ta yarda Muhajir ya zo gaisuwa wata Juma'a bayan la'asar.

Tun a ƙofar gida Nuha ta tare shi.

"Don Allah, don Annabi, yau kada ka gyara wa kowa magana."

"Ni? Yaushe na taɓa..."

"Muhajir!"

"Khalas, na ji."

Da farko ya yi ƙoƙari, gaskiya. Ya sha jabana, gahawar Sudan, kofi biyu, ya yaba suyarta, bai ce uffan a kan tire ba. Yumma ta saki jiki har ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin tsumma. A ciki akwai awarwaro huɗu masu kauri. Na Habboba ne, kakar Nuha, wadda ta taso da ƙafa daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, tafiya ta ƙare mata a bakin Nilu. Ta bar wa Dela su, kuma duk amaryar da aka yi a dangi sai ta sa su ranar lalle. In ba biki ba, suna kulle a akwati, ko Nuha rabonta da taɓa su tun tana yarinya.

"Ga abin da amaryarka za ta sa, in Allah ya nufa," in ji Yumma, tana nuna masa daga nesa.

Maimakon ya ce masha Allah ya yi shiru, sai ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya. Ya jinjina shi a tafi. Ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne. Ya leƙa cikinsa ta wajen haske. Nuha ta taka masa ƙafa, amma ina! Mutumin da ya yi wata shida yana haddar nauyin ƙarafa ya riga ya tafi.

"Yumma, an cuce ku fa. Wannan tagulla ce aka yi mata ruwan zinare. Ji yadda ba shi da nauyi, ga ma kore-kore nan a ciki. Zinare ba ya..."

Sai a nan ya ga fuskarta. Yumma ta karɓe awarwaron, ta ƙulle tsummanta a hankali, ta ce, "Ka gaida mutanen Umbadda." Ko da ya fita, ta dubi Nuha ta ce, "Yaron nan kada ya sake tako mini gida."

Baki shi ke yanka wuya. Kafin magariba saƙonni sun cika wayar Nuha.

"Habibti ki yafe mini. Na yi zaton taimako nake yi."

"Ki amsa mana, ya Nuha."

"Wallahi na yi nadama. Amma dai tagulla ce."

Wannan na ƙarshen ne ya sa ta kusa jefa wayar a randa. Ta rubuta: "Kada ka sake yi mini magana sai na neme ka. Kuma zan nuna maka ƙarya kake yi."

Kashegari da hantsi, Yumma ta tafi ta'aziyya. Nuha ta buɗe akwatin, ta ɗauko ƙaramin ma'aunin da ake auna yaji da kofin awo mai ruwa. Ta auna awarwaro, ta tsoma shi ta ga ruwan da ya tashi, ta raba. Aikin da aka tambaya sau biyu ke nan a tsofaffin takardun jarrabawa. In zinare ne, lissafi zai haura sha biyar. Takwas da rabi ta samu. Ta sake, ta kuma sakewa, amsa ba ta motsa ba.

Haka Yumma ta dawo ta same ta a tsakar ɗaki, hannu jiƙe. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin gado ta cire mayafi.

"Kin gama awon?"

"Yumma, wa ya canza su?"

"Ni."

Nuha ta ɗago kai.

"Shekarar da ruwa ya cinye mana gona muka dawo nan, ita ce shekarar da kika samu jami'a. Da me kike tsammani kika yi karatun? Da albasa? A shagon su Salih na sayar, su suka ƙera mini waɗannan. Ubanki bai sani ba, yayata Turai ba ta sani ba. Amare uku sun sa su babu wanda ya gane. Sai wannan mai idon tsiya, daga ɗauka ɗaya!" Ta kau da kai. "Ba haushinsa nake ji ba, kunya nake ji. Yaya zan riƙa kallon suruki yana kallona ya san abin da na yi? Kuma mai baki irin nasa, gobe duk Omdurman ta ji."

Nuha ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kuka mai isarta. Tausayin Yumma ya cika ta, ga son Muhajir, ga haushinsa, duk a ƙirji ɗaya.

Saura mako biyar jarrabawa. Salih ya samu ƙofa, kullum yana tafe da lemo da daɗin baki. Nuha kuwa ta rungumi littattafai ita kaɗai. In ta yi kuskure babu mai gyara mata, abin da ta daɗe tana roƙon Allah ke nan, amma da ta samu sai ta ji ba daɗi.

Ranar jarrabawa ta gan shi a bakin zaure, ya rame. Ya miƙo mata fensir biyu da ya feƙe, ya wuce. A takarda ta biyu sai ga tambayar layin nan nasu. Ta rubuta ɗari bakwai da ashirin da bakwai, ta ce a ranta, "Allah ya isa, Sarkin Gardama."

Sakamako ya fito, dukansu sun ci, ita ce ma a gabansa. Ta rubuta masa: "Na fi ka da maki huɗu. Ka zo gida Juma'a. Ka bar bakinka a Umbadda."

Ya zo, ya durƙusa a gaban Yumma, kai a ƙasa. Ta dube shi.

"Wa ka faɗa wa?"

"Babu kowa, Yumma."

"Ko uwarka?"

"Ko ita. Ta tambaye ni me ya faru har ta gaji."

Wata biyu cur! Ga wanda ya san Muhajir, wannan ya fi cin jarrabawa wuya. Yumma ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Tashi ka sha jabana. Ka turo manyanka."

Ranar lalle gida ya cika da mata, turaren wuta ya turnuƙe. Nuha na zaune, awarwaro huɗu a hannunta, aka shigo da ango ya gaida iyaye. Ashe Salih, da ya ga ya rasa, ya ɗan sakar wa Khala Turai, yayar Yumma, magana a kunne. Sai kuwa ta zare ɗaya daga hannun amarya ta ɗora masa a tafi.

"Bashmuhandis, an ce ƙarfe ba ya ɓoye maka. Faɗa mana, zinaren Habboba wane iri ne?"

Nuha ta zuba masa ido. Mutumin nan bai iya ƙarya ba, bai kuma iya shiru ba. Ta ga yatsunsa sun fara jinjina shi, ta rufe ido.

Sai ta ji ya kama hannunta yana mayar mata da shi.

"Khala, ki gafarce ni. Abin da uwa ta sa wa 'yarta a hannu, ni ba na auna shi."

Yumma ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta miƙe ta gyara tobin da ta lulluɓa da shi.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tagulla ce, Turai. Na Habboba na sayar na kai yarinyar nan jami'a. In zinaren kike nema, ga shi nan zaune da lasisinsa."

Turai ta kalli ƙanwarta, ta kalli Nuha, ta ce, "Shekara bakwai, Dela, kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Ni mutuwa na yi?" Sai ta rungume ta, ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Malam Idirisu da labari ya iske shi a zaure, rawaninsa kawai ya ja ya goge ido.

Cikin hayaniyar Muhajir ya sunkuyo kusa da kunnen amaryarsa.

"Habibti, ki riƙa cire su in za ki wanke hannu. Tagulla ba ta son..."

Ta mintsine shi har sai da ya ce wash.

Kashegari bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure. Yumma da kanta ta dafa kansu su biyu, ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Kai kuma, ɗana, Allah ya ƙara maka irin shirun jiya."

Duk gidan aka amsa da amin, amma ta Nuha ta fi ta kowa ƙarfi.