Rakiya daga Bakin Teku

Magariba ta kawo jiki, Na'Allah yana tsaye a bakin teku da takalmansa a hannu, baki buɗe kamar wanda aka ce ya jira a jefa masa ƙosai. Mutumin Kebbe ne, can ƙasar Sakkwato, kuma kafin wannan tafiya babban ruwan da ya sani shi ne gulbin da ake ƙetarewa da kwalekwale in damina ta yi albarka. Zamanin Turawa ne. Shi da kawunsa Jumare na Tambuwal suka koro shanu har Ikko, suka miƙa su ga masu su. Kawu ya ce zai zauna a zango ya huta da ƙafafunsa kafin ranar jirgin ƙasa. Na'Allah ya ce shi kam bai tako duk wannan uwar ƙasa don ya kalli bangon zango ba, yawon buɗe ido za shi.

Ya kuwa buɗe idon. Ya hau doguwar gadar nan yana salati, don bai yarda ƙarfe zai riƙe mutum bisa ruwa ba. Ya ga jiragen ruwa da suka fi unguwarsu girma. Ya ga gidaje bisa gidaje, da fitilun da ke kamawa ba mai ba lagwani. Ya ga Turawa kwance cikin rana da gangan, ba wanda ya tilasta su. Daga ƙarshe ƙafa ta kai shi inda ƙasa ta ƙare. Nan ya tsaya yana kallon ruwa yana zuwa yana komawa, har ya manta zango na da nisa, kuma shi bai san hanya ba sai da rana.

"Samari, mi kaka nema nan da almuru?"

Na'Allah ya waiwaya. Wani tsoho ne zaune bisa yashi yana gyaran komar kamun kifi, da farar riga da ɗan gemu. Abin da ya kashe wa Na'Allah jiki shi ne harshen. Sakkwatanci ne tsantsa, irin wanda ya yi watanni bai ji ba sai a bakin Kawu.

"Baba, baƙo nike. Kallo ya ɗauke mani hankali."

"Baƙo ba ya kwana waje. Taho."

Gidan bukka ce ta ganyen kwakwa, can gaba da inda jiragen masunta suka ƙare. Tabarmar da aka shimfiɗa masa tana da danshi, amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, tsohon kuwa fuskarsa a sake take. Ya kawo teba da miyar kifi ja jawur da manja, da jatan lande, da kaguwa wadda Na'Allah ya ture gefe don ya ga tana da hannuwa. Sai da tsohon ya fasa masa ita ya ɗanɗana, ai kuwa sai ga mutumin Kebbe yana tsotsar ƙafar kaguwa har da lumshe ido. Ya kora da ruwan kwakwa. Abincin da zafinsa yake zuwa, amma bai taɓa ganin murhu a gidan ba, bai ji ƙaurin hayaƙi ba. Ciki in ya samu, ba ya tambaya.

Kwana ɗaya ya yi niyya, sai ta zama kwanaki. Da rana tsohon ya riƙa zagayawa da shi. Ya nuna masa inda ruwan daɗi ke haɗuwa da ruwan gishiri, da hasumiyar da ke haska wa jirage hanya, da gawar wani jirgi da yashi ya cinye rabinsa. In suka wuce masunta, sai su gaida Na'Allah su kawar da kai daga tsohon, mata kuma su janye 'ya'yansu. Na'Allah ya ce a ransa, mutanen kurmi dai ba su san girman furfura ba. In lokacin salla ya yi, tsohon kan ce zai je ya duba koma.

Ranar jirgi ta zo. Na'Allah ya ɗaure kayansa, ya yi godiya har da durƙusawa.

"Bari in taka maka," in ji tsohon.

Kowa ya san yadda rakiya take. Mai gida yana biye da kai, kana cewa ya koma yana cewa a ƙara gaba, har ku tsaya, ku yi musafaha, ka ce rakiya ta isa, shi kuma ya ce ka gaida gida. Sai an yi haka ake rabuwa. To, suna isa tasha jirgi ya yi kuka. Mutane suka ruɗe, Kawu Jumare ya leƙo ta taga yana ɗaga masa sanda. Na'Allah ya runtuma da gudu, ya kama ƙofa da ƙyar. Sai da suka yi nisa cikin kurmi ya tuna bai sallami tsohon ba. Ya ji kunya, ya buɗe guzuri ya ci, ya manta.

Jirgin cike yake maƙil, har da masu zama bisa buhuna. Amma gefen Na'Allah akwai wurin mutum guda da ba wanda ya zauna. Duk wanda ya nufo wurin sai ya ce a gafarce shi, ya wuce. Katakon a jiƙe yake. A motar da ta ɗauko su daga Gusau ma haka aka yi. Kawu dai yana ta kallo.

Sun sauka Tambuwal ana zafin bazara. Na'Allah ya tsaya wurin wata mai fura, ta dama masa, ta miƙo ƙwarya da ludayi biyu.

"Ni kaɗai ne," ya ce.

Ta dubi bayansa, ta dube shi, ta ɗauke tallarta ta bar wurin.

Da suka kai ƙofar gidan Kawu, Na'Allah ya sunkuya zai shiga zaure, sai Kawu ya gitta masa sanda.

"Kada ka taka mani zaure," ya ce a hankali. "Dubi ƙasa."

Sawunsu ne cikin ƙura, nasa da na Kawu. Bayan nasa kuma akwai wani, babu takalmi, a jiƙe, gefensa yana bushewa da farin gishiri.

"Ina ka kwana a Ikko?"

Na'Allah ya faɗa masa duka.

"Da kunka rabu, ka sallame shi?"

Na'Allah ya girgiza kai.

"Subhanallahi. To ji nan. Mai rakiya in ya taka ƙofarka aka yi mashi maraba, ya zama baƙo. Baƙo kau in zai tafi, sai wani na gidan ya raka shi. Shi wanga, ka san inda gidansa yake." Kawu ya dube shi. "Ka kuma san halin yayata."

Na'Allah ya san halinta. Inno, mahaifiyarsa, ba ta taɓa barin baƙo ya wuce ƙofarta bai sha ruwa ba. Baƙonka Annabinka, abin da take faɗa ke nan tun yana goye. Ba ta kuma aika kowa rakiya. Da kanta take ɗaukar mayafi, duk da tsufanta. Tsoro ya kama Na'Allah, irin wanda bai ji ba ko bisa gada.

"Ka sallame shi tun ba ka hango rufin gidanku ba," in ji Kawu. "Ba da ƙeya ba. Ido da ido, hannu da hannu. Da almuru ka gan shi, da almuru za ka sake ganinsa."

Na'Allah ya kama hanyar Kebbe da ƙafa. Ya kwana a gindin masallacin wani ƙauye, bai yarda ya shiga gidan kowa ba. Kashegari ya yini yana tafiya cikin gonakin da suka bushe. Ba girgije ko ɗaya. Amma iskar da ke bugun ƙeyarsa sanyi gare ta, da ƙarnin kifi.

Rana ta yi ja. Tsuntsaye suka yi tsit.

Sai ya fara jin takun. Caɓ. Caɓ. Kamar mai fitowa daga rafi. In ya tsaya a tsaya, in ya tafi a tafi.

"Baba," ya ce, bai waiwaya ba. "Rakiya ta isa haka."

"Haba, ɗana." Muryar tana dab da kunnensa. "Bari mu ƙara gaba kaɗan."

Ya ce a ransa, in na kai tsamiyar can zan juya. Ya kai tsamiya, wuyansa ya ƙi. Ya ce to, in na kai rijiya. Ya wuce rijiya. Mutum ya ci abincin wani, ya sha ruwansa, ga kunya ga tsoro, da wane ido zai dube shi ya ce koma?

Yanzu kuma ba taku kaɗai yake ji ba. Can ƙasa-ƙasa akwai wani gurnani mai zuwa yana komawa. Teku ce, a tsakiyar dajin Kebbe.

Ya ɗaga kai, sai ga rufin gidansu. Gidan a bakin gari yake, shi ne na farko.

Ga Inno kuma a ƙofa, da ƙwaryar ruwa a hannu. Tun da ta ji labarin masu shanu sun fara dawowa, kullum yamma nan take tsayawa. Ɗan fari ne shi, ba ta kama sunansa, ba ta nuna murna a gaban mutane. Ta kawar da kai daga gare shi, ta dubi bayansa, fuskarta ta washe.

"Kai wanga, ashe da baƙo kake tafe? Ka bar dattijo a baya kamar ba ka da tarbiyya. Malam, sannu da hanya. Bismillah, ƙaraso ka sha ruwa."

Na'Allah ya juya.

Tsohon ne. Rigarsa na zubar da ruwa, hannun rigar na tsiyaya. Idanunsa ba sa ƙiftawa, ba su ma da fatar ƙiftawa. Wani abu mai ƙafafu ya fito daga gemunsa ya koma.

Na'Allah ya miƙa hannu. Tsohon ya kama.

Sanyin ya ratsa shi har haƙora. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunsa ta fara zamewa, tana ja, yadda yashi ke yi in ruwa zai koma. Bakinsa ya cika da gishiri.

"Baba, na gode. Rakiya ta isa. Ka koma gida."

Tsohon ba shi yake kallo ba.

"Inna ta ce in sha ruwa," ya raɗa.

Ga takun Inno nan a bayansa. Tana matsowa. Ruwa na motsi cikin ƙwarya.

Ta miƙo hannu ta gefen kafaɗarsa.

Na'Allah ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya kaɗe hannun mahaifiyarsa. Ƙwarya ta faɗi ta dare biyu, ƙasa ta shanye ruwan.

"Inno, koma ciki!"

Tsit. Gurnanin ya ɗauke.

Tsohon ya dubi jiƙaƙƙen wurin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya saki hannun.

"Na ba ka ci, na ba ka sha," ya ce. "To, kai ka sallame ni. Wadda ta kira ni ba ta kore ni ba."

Ya juya, ya bi hanyar kudu. Caɓ. Caɓ. Kafin liman ya tada salla, ba kowa a hanyar.

Na'Allah ya yi makonni kwance da zazzaɓi. Da ya tashi, ya durƙusa gaban Inno ya ba ta labari tun daga bakin teku. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ita dai dattijo ta gani, a gajiye, gumi ya jiƙa masa riga, kuma ɗan da ta haifa ya kore shi daga ƙofarta da ƙishirwa. Ta ce ko aljani ne, ai baƙo ne. Wannan abin kunya ba za ta kai shi kabari ba.

Daga ranar, kullum almuru sai ta ajiye ƙwaryar ruwa a bakin ƙofa. Kullum almuru kuma Na'Allah yakan zo ya zubar. Ya yi roƙo, ya kawo malamai, ya sa Kawu Jumare ya tako tun daga Tambuwal ya yi mata magana, duk a banza. Saboda haka ya daina fatauci. Ko kasuwar ƙauye ya je, la'asar a gida take yi masa. Mutane suka ce Ikko ta taɓa masa kai. Shekaru suka tafi a haka.

Wata damina aka yi jana'iza a wani ƙauye kusa, ruwa ya tsare su, rafi ya cika. Ya iso gida ana sallame magariba, yana haki. Ƙwaryar tana nan a bakin ƙofa. Babu ko ɗigo a ciki, sai farin gishiri a gindinta.

Ya sami Inno a ɗaki, ta yafa mayafi, tana lalube ƙarƙashin gado. Fuskarta a sake, rabon da ya gan ta haka tun kafin tafiyarsa.

"Ya sha, ya yi godiya," ta ce. "Ya ce gida zai koma. Kai wanga, ina ka ga takalmana? Ba a barin baƙo ya tafi shi kaɗai."